Hoton Usta Sabri a Bakin Teku

Dimyat, 6 ga Nuwamba

Ƙanena Midhat,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Shirin da yara. Ciwon bayan nan da zaman ofis ya sa maka, ya sake ka? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da take tashi duk lokacin da sanyi ya shigo. 'Yarmu Rim tana Mansura, karatu ya ɗau zafi, sai ƙarshen wata muke ganinta.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa. Ka san gidanmu, ƙannen maigidana Sabri biyu a sama, matansu kuma kunne a taga. In na yi tari a waya, kafin la'asar an sauko tambayata jiki. Shi ya sa na zauna a ofishin makaranta da yara suka fita tara, na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in turo maka.

Shagon Sabri ya mutu tun watan Yuli. Katakon nan da ake kira zan, wanda yake sassaƙa da shi, ya yi tsadar da ba a magana, manyan 'yan kasuwa kuma sun sayo injin da kwamfuta ke tuƙawa, ya fitar da ƙafar kujera ɗari kafin usta, gwanin sassaƙa irinsa, ya gama guda. Furen da injin ke yi kamar mota ta taka shi, amma wa ya damu. Da ya rufe shagon sai ya ce mini ya samu aiki a wata babbar masana'anta a sabon gari. Haka ya gaya wa 'yan'uwansa, haka ya gaya wa sauran ustoci a gidan shayi. Kullum da safe sai ya ɗauki jakar kayan sassaƙarsa ya fita.

Ni kuwa shekara ashirin da huɗu ina wanke rigar mutumin nan. Warin garin katako da fenti na sani, sai ga shi na fara jin hayaƙi. Ranar Talata na ce wa shugabar makaranta ba ni da lafiya, na bi shi. Ya shiga motar Bur Sa'id, na shiga ta bayanta. A bakin teku na same shi, Midhat, da kura mai tanderun gwangwani, yana gasa dankali yana sayarwa. Mutumin da ya sassaƙa ƙofar masallacin unguwarmu ne yake naɗe wa 'yan makaranta dankali a tsohuwar jarida. Na laɓe bayan rumfar mai lemo, na ɗauki hotonsa, ban ma san dalili ba, na dawo gida na ɗora girki.

Bai san na sani ba, kuma ba na so ya sani. Rufin asirin nan shi kaɗai ya rage masa. Shi yake sa ya shiga gidan shayi ranar Juma'a kansa a ɗage, ya biya wa teburin duka kamar yadda ya saba tun ubansa na da rai.

Da ka zo hutu ka cika mana kunne da dandalin nan na ma'aikata da 'yan kasuwa, ka ce a can ka samu aikinka, ka ce kana da mutum dubu tara. A cikin dubu taran babu mai gina otal ko gida da yake son ƙofar da hannu ya yi? Ga hoton na haɗo maka don ka gani da idonka, ka san ba ƙari nake ba. Ka yi duk abin da za ka iya, ka fi ni sanin wurin.

Yayarka,
Tahani

Dubai, 9 ga Nuwamba

Yaya Tahani,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, bayan ya yi sauƙi tunda kamfani ya sauya mini kujera. Ki riƙa shafa wa gwiwar man da na kawo miki, ba ado na kawo shi ba.

Na karanta, na daɗe ina kallon hoton. Wallahi ya taɓa ni. Ashe kuma kin iya ɗauka, hasken ya faɗo masa daidai a fuska. Af, dubu goma sha ɗaya ne yanzu, ba tara ba.

Ga abin da za ki yi. Tunda shi ba zai sani ba, ki buɗe shafi da sunanki a matsayin mai wakiltar shagon. Ki sa hotonki mai tsabta, ba wanda aka yanko daga hoton biki ba. A ƙarƙashin sunan ki rubuta layi ɗaya: sassaƙar hannu a katakon zan, ƙofofi da gadaje da kujeru, Dimyat. Kada ki kuskura ki rubuta a taimaka, a can mai roƙo ba ya samun ko sallama. Ki ɗauko hotunan aikinsa da rana, ki jera. Ki nemi mutum biyu uku da ya taɓa yi wa aiki su rubuta shaida da sunansu.

Sannan kada ki bi kowa da kowa. Ki nemo masu tsara cikin gidaje da otal, da masu saye wa kamfanoni kaya. Ki karanta abin da mutum ya wallafa, ki san ginin da yake yi, kafin ki aika masa saƙo. Saƙon kada ya wuce layi huɗu. Ki kira sunansa, ki ambaci aikinsa, ki nuna masa ƙofa ɗaya. Ban da gaisuwar nan taki mai tambayar har kajin gida.

Wannan duk hanya ce, amma mai tafiyar hawainiya. Abin da yake gudu a dandalin shi ne labari. Ba wanda zai tsaya don kujera, a kan mutum ake tsayawa. Wannan ɓangaren ki bar mini.

Shirin na gaishe ki, ta ce in akwai mai zuwa a saƙo mata cuku.

Ƙanenki,
Midhat

Dimyat, 21 ga Nuwamba

Midhat,

Sallama da fatan alheri. Gwiwa da sauƙi, man yana aiki. Cukun yana hannun ɗan Hajja In'am, zai taso ranar Asabar.

Na shiga dandalinku. A nan kake wuni? Kwana biyun farko sai da na riƙa ajiye wayar ina kurɓar ruwa. Wani ya kori ma'aikaci, ya ɗauki hoton kansa yana hawaye, ana ta yaba masa taushin zuciya, shi wanda aka kora ko sunansa babu. Wani ya rubuta abin da kaciyar ɗansa ta koya masa game da tafiyar da kamfani. Kowa cike da tawali'u yake sanar da cewa babu kamarsa. Har Wa'il na bayan layinmu, wanda ya faɗi jarrabawa sau uku, na same shi da kwat, wai mai hangen makomar kasuwanci. Jiya na gan shi yana jayayya da mai wake a kan cokali ɗaya. Yanzu akwatin saƙo kawai nake buɗewa, sauran ba na ko leƙawa.

Amma shawararka na bi ta sak, kuma ba zan hana ka yabonka ba. Na je masallaci na ɗauki ƙofar, na je gidan likita Fikri na ɗauki gadon da ya yi wa 'yarsa, likitan ya rubuta shaida mai kyau. Na zaɓi mutum bakwai na rubuta musu layi huɗu huɗu, hannuna yana ƙaiƙayin gaisuwa. Biyar ba su amsa ba. Ɗaya ya turo mini hoton babban yatsa.

Ta bakwai wata ce Madam Ruwaida a Jidda, tana gyaran wani tsohon gida. Tambaya uku ta yi: wane katako, mako nawa ƙofa mai murfi biyu take ci, kuma usta zai iya yin samfurin fure ɗaya ta gani. Ba ta kira ni 'yar'uwa ba, ba ta ce na burge ta ba. Ita kaɗai na ga alamar mai neman ƙofa. Ta ce za ta yi magana da mai gidan, in ji ta cikin Disamba.

In ta tabbata, zan ce wa Sabri kai ka samo ta ta wajen abokanka. Sai ya bar kurar a Bur Sa'id ya buɗe shagonsa, shi ke nan, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Jiya ya dawo da ƙuna a yatsa, ya ce injin masana'anta ne. Na ce Allah ya tsare gaba, na sa masa magani.

Ka ce in bar maka ɓangaren labari. Na ɗauka za ka yi wa mutanenka maganarsa ne, ka haɗa ni da su. To madalla, ina jira.

Tahani

Dimyat, 10 ga Disamba

Midhat,

Lafiya kuwa? Kusan mako uku ba amsa, ko na cukun ba ku ce ya iso ba. In bayan ne ya tashi ka faɗa mini.

Wani abu yana damuna. Shekaranjiya matar mai shagon ƙasa, wadda rabon da ta gaishe ni tun rigimar igiyar shanya, ta riƙe mini hannu biyu ta ce Allah yana tare da masu haƙuri. Yau matar ƙanen Sabri ta sauko da rabin agwagwa a faranti, ba biki ba suna. Shugabar makaranta ta ce in ina son hutu in ɗauka. Kowa yana yi mini magana a hankali kamar an yi mini mutuwa. Ka amsa mini ko layi ɗaya ne.

Tahani

Dubai, 12 ga Disamba

Yaya,

Muna lafiya, cuku ya iso, ki yafe shirun. Wayata ba ta huta ba tun ranar biyu ga wata. Na zaci kin gani, ashe ba kya duba dandalin.

Albishirinki. Na wallafa labarin Usta Sabri da hoton nan, da Turanci, da taken abubuwa biyar da mai gasa dankali ya koya mini game da jajircewa. Mutum dubu arba'in da biyu sun nuna sun so shi. An yaɗa shi sau dubu uku, wani ya juya shi Larabci ya kai shi sauran dandaloli. Wata mata daga Kanada ta ce ta yi kuka a jirgin ƙasa. Shugaban kamfaninmu, wanda bai san sunana ba shekara huɗu, ya tsayar da ni a bakin lif ya ba ni hannu.

Ki kwantar da hankalinki, ban sa sunansa ba. Mijin yayata kawai na ce, usta daga Dimyat. Wurin da ya fi kama mutane shi ne jakar kayan aikin da yake fita da ita don kada a gane. Na san zai kama, shi ya sa na ajiye shi a darasi na huɗu.

Ga babbar maganar. Wani kamfani mai shirya taron shugabannin ma'aikata yana son ya zo Dubai a watan Fabrairu, jirgi da masauki duk nasu. Za su samo kura irin tasa su ɗora a kan dandamali, ni in yi jawabi, shi ya gasa dankali a raba wa mahalarta. Sun roƙa ya zo da rigar da ke jikinsa a hoton, kada a wanke ta sosai. Daga nan ƙofofi za su buɗe, ki rubuta ki ajiye.

In za ki iya, ki ɗauko mini shi a bidiyo lokacin da kike gaya masa. Ko daƙiƙa talatin ya isa.

Midhat

Dimyat, 13 ga Disamba

Midhat,

Ba gaisuwa yau. Na buɗe na gani.

Ka goge shi yanzu. Ba ka sa sunansa ba? Ka sa fuskarsa, ka sa garinsa, ka ce mijin yayarka. Yaya nawa gare ka? Duk ɗan mai fitar da kujeru ƙasashen waje a garin nan yana dandalin, Wa'il ma ya rubuta a ƙasa cewa yana alfahari da zama maƙwabcinsa.

Na kawo maka asirin mijina don ka taya ni rufewa, ka yanka shi gida biyar ka sa wa kowane lamba. Hotonka da kwat yana sama, nasa da hayaƙi yana ƙasa, kuma kai ake cewa Allah ya yi wa albarka. Ƙyamarka nake ji, ɗan uwata, ban taɓa zaton zan rubuta haka ba.

Makon jiya mura ta hana shi zuwa gidan shayi. Jibi Juma'a, zai je.

Tahani

Dubai, 16 ga Disamba

Yaya Tahani,

Ina fata hankali ya ɗan kwanta. Kalamanki sun yi mini zafi, Shirin ma ta ce ba ki kyauta ba.

Ga wasiƙarki ta farko a gabana. Ke kika rubuta: ka yi duk abin da za ka iya, ka fi ni sanin wurin. Ke kika turo hoton, ban roƙe ki ba. Na ce ki bar mini ɓangaren labari, kika ce madalla. Da me kike zaton ake ba da labari?

Gogewa kuma ba ta da amfani, ya riga ya fita daga hannuna. Sannan masu taron suna duba shafina a wannan makon, in suka ga na cire za su ɗauka ƙarya na yi. Ki duba matsayina ni ma.

Matsalarku a Dimyat ita ce kunyar nan ta banza. Meye abin kunya a sayar da dankali? Mutum dubu arba'in sun ce shi gwarzo ne, ku kuna tsoron tsofaffi shida a gidan shayi. Duniya ta wuce wurin nan, Yaya. Wata rana shi da kansa zai gode mini.

Suna son amsa kafin ƙarshen wata. Ki turo hoton fasfonsa.

Midhat

Dimyat, 2 ga Janairu

Midhat,

Muna raye, jiki lafiya. Tunda kana son jin yadda aka ƙare, ga shi, ba bidiyo.

Ya je gidan shayi ranar Juma'ar. Ƙanensa ne ya ba ni labari. Yana shiga ustocin suka miƙe tsaye gaba ɗaya, abin da ba a yi sai ga wanda ya dawo daga maƙabarta. Usta Garib ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Haba Abu Rim, da ka faɗa mana.” Aka ba shi kujerar kusa da bango. Ya sha shayinsa, ya sa hannu a aljihu zai biya wa tebur, mai shayi ya riƙe masa hannu ya ce, “Wallahi ba ka biya, usta, daga yau naka a kaina.” Tsofaffi shidan da ka raina, tare da su ya koyi riƙe guduma. Dubu arba'in ɗinka ba wanda zai zo jana'izarsa.

Ya dawo ya zauna a bakin gado da takalminsa, ya ce, “Nuna mini.” Na miƙa masa wayar. Ya ce in karanta masa na Larabcin, na karanta duka biyar, bai katse ni ba. Sai ya koma kan hoton ya daɗe.

“Daga bayan rumfar mai lemo aka ɗauka,” ya ce.

Na ce e.

“Na gan ki ranar, Tahani. Baƙin mayafinki mai bakin zare. Na sunkuyar da kai ina juya dankali don ki samu ki tafi. Da na dawo na tarar kin yi girki ba ki ce komai ba, na ce a raina matar nan ta rufa mini asiri har daga kaina. Duk sanyin nan, tunanin da nake tsayuwa da shi ke nan. Ban ga wayar a hannunki ba.”

Bai ɗaga murya ba. Na so ya ɗaga.

Ka yi gaskiya a abu ɗaya, ni na ɗauka, ni na turo. Ƙyamar da nake ji taka ce da tawa, kuma tawa ta fi hana ni cin abinci.

Madam Ruwaida ta rubuto. Ita ma ta gani, ta gane shi ta sunan garinmu da sunan gidanmu da ke jikin naka. Ta ce ba sai an yi samfurin fure ba, ta ba shi aikin, labarin ya sa ta hawaye. Na gaya masa komai, har shafin da na buɗe. Ya ce, “A da ƙofa take nema. Yanzu sadaka take bayarwa, ki ce mata Allah ya karɓa, ta ba wani.” Na roƙe shi har na durƙusa, ya ce in tashi saboda gwiwata.

Bur Sa'id ma ya daina zuwa. Ya koma kwana biyu, samari suka yi ta tsayawa suna ɗaukar hoto da shi, wani ya ce ya ɗan ɓata fuska kamar na ainihin. Ya mayar da kurar ga wanda ya ba shi haya. Yanzu yana gida, daga ɗaki sai baranda, sallar Juma'a ma a wani masallaci yake yi can bayan gada. Rim ta zo ta koma, 'yan ajinsu sun riga sun nuna mata.

Na rufe shafina. Ka gaya wa masu taronka su nemi wani mai dankalin, ko kai ka sa rigar. Kada ka kira, kada ka aiko da komai, da bazara kuma ku sauka wajen dangin Shirin.

Bai rabu da ni ba, in abin da kake son sani ke nan. Yana cin abin da na dafa, yana amsawa in na yi magana. Shekara ashirin da huɗu ina ajiye wa mutumin nan shayi a gabansa, ya ɗauka ko kallona bai yi ba, wani lokaci ya ce sukari ya yi kaɗan. Yau da safe na ajiye masa, ya gyara zama, ya karɓa da hannu biyu, ya ce mini na gode.

Tahani